Fararen Duwatsun Gonar Tudu

Zuwa ga Baffana Fawwaz,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga ubanta, cike da ladabi da kewa. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Widad da yara duka, ya kuma sa ciwon gwiwar da Baba ya ce tsayuwar shago ta jawo maka ya yi sauƙi. Allah ya tsare ku a ƙasar da kuke, ya albarkaci nemanku, ya nuna mana ranar da za ka sake shigowa ƙofar gidan nan da jakarka kamar yadda ka yi shekara huɗu da suka wuce.

Mu nan kowa lafiya, alhamdu lillahi. Kaka ta samu sauƙin tarin da ya dame ta, har ta hau saman soro da kanta ta kwashe ɓauren da ta shanya, ko da yake Baba ya hana ta hawa tsani. Ta ce tun kafin a haife shi take hawa, ba za ta fara neman izininsa yanzu ba. Mama tana fama da zaitun, hannuwanta duk sun yi baƙi. Yaya Lubna ta koma makarantar jinya a Zahle, sai ƙarshen mako take zuwa. An riga an kafa murhun ɗumama ɗaki domin sanyi ya fara saukowa da safe, kuma jiya mun ga farin dusar ƙanƙara a kan dutsen da ke gabas. Ni ma karatu yana tafiya, na zo ta biyu a jarrabawar lissafi ta farkon zango.

Baffa, ka san ni da waya. Duk lokacin da ka kira, wayar tana zagaya ɗaki daga hannu zuwa hannu, idan ta iso kaina sai in ce lafiya lau, in ce na gode, daga nan harshena ya ƙi motsi, Kaka ta karɓe ta tana cewa a ba ta kafin bebiyar nan ta cinye mata lokaci. Shi ya sa na ɗauki biro. Zan ɗauki hoton shafukan da wayar Mama in aiko maka, domin maganar ba za ta jira matafiyi ba. Maganar gonarka ta tudu ce, da Abu Dirgham mai awaki, da hukuncin da ka yanke a kansa. Abin da aka faɗa maka ba shi ne abin da ya faru ba. Ba wanda ya yi maka ƙarya da gangan, duk abin da suka gani suka faɗa. Ni ce na san sauran, kuma mako uku ke nan ina riƙe da shi. Ina roƙon ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Sai na fara daga keken da ka aiko mini bara, mai tayoyi masu kauri. Ban taɓa iya faɗa maka yadda na ji daɗinsa ba. Malama Hiyam, wadda ke koyar da mu labarin ƙasa, ita ce ta tara mu, mu goma sha ɗaya, ta ce hanyoyin gonakinmu sun fi duk inda mutanen birni ke zuwa hawan keke kyau, abin da ya rage kawai a zana hanya a sa mata alama. Mun yi wata biyar muna wannan aiki. Hanyar ta fara daga maɓuɓɓugar ƙauye, ta bi tsohuwar hanyar burji da ake bi da alfadarai, ta hau tudu tsakanin gonakin inabi, ta shiga kurmi inda busasshen ganye ya rufe ƙasa har ba ka jin ƙarar tayarka, ta fito a ƙololuwar dutse inda ake hango tafki, sannan ta gangaro ta bayan maƙabarta. Kilomita talatin da biyu ce. Akwai wata gangara bayan kurmin da tsakuwa ke zamewa ƙarƙashin taya, sau uku na faɗi a wurin kafin na koyi sakin birkin gaba. A aji ba na iya ɗaga hannu ko na san amsa, amma a kan hanyar nan ni ce nake gaba ina nuna wa sauran inda za a juya. Dattawa da yawa ba su so abin ba tun farko. Sun ce baƙi za su riƙa tsinkar inabi suna barin ƙofofin shinge a buɗe. Da ƙyar mai unguwa ya yarda a gwada sau ɗaya, ranar Lahadin farko ta Oktoba. Kaka kuwa dariya ta yi ta yi, wai mutanen Beirut ne kaɗai za su bar mota a gindin dutse su hau shi da ƙafafunsu, sanye da wandon da ko mai shi bai san yadda ya shiga ba.

Ranar Juma'a kafin taron, bayan an tashi daga makaranta, Malama ta raba mana hanyar, kowa ya je ya sa jan fenti a mararrabobin yankinsa. Nawa yankin ya kama daga maɓuɓɓuga zuwa bakin kurmi. Na yi ɓarnar fenti a ƙasa saboda ina son kibiyoyina su fito da kyau, sai gwangwanin ya ƙare kafin in kai mararrabar ƙarshe, wadda ke gefen gonarka ta tudu. Ka san wurin. Hannun hagu ne ke shiga kurmi, hannun dama kuwa yana kaiwa tsohon wurin fasa dutse, inda hanya take yankewa a bakin rami ba tare da wani shinge ba. Na tsaya ina tunanin baƙo yana bin dama da gudu. Ga rana ta yi ƙasa, ga shagon fenti sai can garin Jib Jannin. Sai idona ya faɗa kan fararen duwatsun da ke kusurwar gonarka.

Ka fi ni sanin abin da duwatsun nan suke nufi, amma zan rubuta shi domin ka ga ba cikin rashin sani na yi ba. Idan inabi ya fara nuna, mai gona yana ɗora duwatsu huɗu, ɗaya kan ɗaya, a kowace kusurwa, ya shafa musu farar ƙasa. Muddin suna tsaye, ba akuyar da za ta shiga. Idan ya gama tsinka, shi da kansa zai ture su, makiyayi ya gani ya shigo da garkensa su ci ganye su bar masa taki. Ba a tambaya, ba a aika saƙo, duwatsun ne maganar. Na san haka tun ina ƙarama, na kuma san Baba ya bar inabin gonar tudu ya ƙara zaƙi saboda maɗin da ake dafa maka kowace shekara. Abin da na faɗa wa kaina shi ne, duwatsun gidanmu ne, aro kawai zan yi na kwana biyu, kuma awakin Abu Dirgham suna can saman dutse, ba sa saukowa sai ruwan farko ya zuba. Na sauke tsibi biyun da ke fuskantar hanyar awaki, na bar manyan na ƙasa a yashe saboda sun fi ƙarfina, na jera sauran a tsakiyar mararraba suka zama farar kibiya mai nuna hagu. Har daɗi na ji da na ja baya na dube ta. Abin da ban sani ba shi ne, idon ruwan da ke saman dutse ya ƙafe a makon nan, Abu Dirgham ya kamo hanyar saukowa.

Ranar Lahadi mutum sittin da wani abu suka zo. Ba wanda ya ɓata, ba wanda ya ji ciwon da ya wuce ƙujewar gwiwa. Na wuce mararrabar tare da su, kaina a sunkuye saboda hawan, kuma gonar tana sama da katangar dutse, ba a ganin cikinta daga hanya. Da aka dawo maɓuɓɓuga, matan ƙauye sun gasa gurasa da za'atar, garin ganyen nan mai ƙamshi, kowa yana ci yana murna, Malama ta dafa kafaɗata ta ce yankina ya fi na kowa fitowa. Da la'asar na zame na koma tudu ni kaɗai don in mayar da duwatsun. Na jingina keke, na ɗauki dutse na farko, na hau katangar. Baffa, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Itatuwan inabin nan da suke kwance a ƙasa cike da ganye sun zama tsirara, rassa a kakkarye, 'ya'yan a tattake, ƙudaje da zanzaro suna ta yawo a kai, ko'ina kashin awaki. Ko kwando ɗaya ba za a samu ba. Nan take na gane abin da ya faru, kuma na gane wanda ya jawo shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi nauyi, kuma shi ne na fi jin kunyar rubutawa. Ɗaukar duwatsun wauta ce. Amma da na ga ɓarnar, ban gudu gida na faɗa wa Baba ba. Sai na kwaso duwatsun ɗaya bayan ɗaya na sake gina tsibi biyun kamar ba a taɓa su ba. A lokacin ban yi tunanin Abu Dirgham ba ko kaɗan. Kaina kawai na tuna, da fuskar Baba, da abin da dattawa za su ce game da hanyar keke. Na dawo gida na ce kaina yana ciwo saboda rana.

Washegari Baba ya hau da kwanduna, ya sauko da su babu komai a ciki. Sauran ka ji wani ɓangarensa da kunnenka. An kira Abu Dirgham zauren mai unguwa, bai musa ba, ya ce shi ya shigar da awakinsa ranar Asabar da hantsi domin ya tarar da duwatsun a ture. Ya ce idonsa ba kamar da ba ne, inabin kuma yana ƙarƙashin ganye, ya buɗe musu ya koma inuwar katanga ya zauna, sai da ya ga bakin wata akuya ya yi ja sannan ya tashi, lokacin an riga an gama. Ya ce ya so ya zo da kansa ya faɗa wa Baba, amma ya ɗauka mai gona ne ya ture ya bar ragowar. Baba ya ce shi bai ture komai ba, duwatsun suna nan tsaye. Abu Dirgham ya rantse. Sai mutum bakwai suka hau tudu tare da shi, suka tarar da tsibi huɗu a tsaye, farare. Da suka dawo aka kira ka, aka ƙure muryar wayar kowa yana ji. Ina tsakar gidan mai unguwa a lokacin, Mama ta aike ni da tiren kofi, na ji muryarka ta taga. Ka ce inabi ba komai ba ne, da ya ce kuskure ya yi da ka yafe kafin ya rufe baki, amma mutumin da ya yi shekara talatin yana fakewa a ƙasar mahaifinku sannan ya rantse a kan ƙarya, ba shi da wurin zama a cikinta. Ka ce ya kwashe awakinsa daga shingen hunturu kafin wata ya ƙare. Na ajiye tiren a bakin ƙofa na tafi, ban shiga ba.

Tun daga ranar ƙauye ya samu abin dariya. Idan Abu Dirgham ya zo wucewa ta gaban shago sai Abu Talal mai shagon ya leƙo ya ce, “Abu Dirgham, yau duwatsu a tsaye suke ko sun ɗan kishingiɗa?” Wani ya ce ai nonon awakinsa yanzu ba ya neman sukari, a kawo masa kwano biyu. Wani kuma ya ce a gaya wa limami an samu duwatsun da suke ruku'u ranar Asabar su ɗago ranar Lahadi. Shi kuwa sai dai ya ce su sha kofinsu kafin ya huce. Sau biyu ina tsaye a shagon ina sayen burodi aka yi wannan. Na yi ta shirya maganar a bakina, in zo gaban Baba sai in tambaye shi ko yana son ruwa. Abinci ya daina shiga mini. Mama ta ɗauka karatu ne, ta riƙa dafa mini ganyen shayi iri-iri. Keken kuwa ban sake taɓa shi ba sai ranar Alhamis da ta wuce, da na ji Baba yana faɗa wa Kaka cewa Abu Dirgham ya nemi shinge a ƙauyuka uku bai samu ba, kowa ya riga ya ji labari, kuma ya kira dillali ya zo ya ɗauki rabin garken, domin awaki masu ciki ba za su rayu a fili ba idan dusar ƙanƙara ta sauko.

Da aka tashi makaranta ranar na hau keke na tafi shingen. Na tarar da Abu Dirgham yana gyara katangar da ta zube ta gefen arewa, katangar wurin da aka ce ya bari. Na gaishe shi, ya amsa bai juyo ba, ya ce in miƙo masa wancan dutsen mai faɗi. Na miƙa. Na fara magana, ban kai ga rabi ba ya ce, “'Yar Nazih, ke dai ba ki iya gini ba.” Ya ce tun ranar da suka hau da mutanen nan ya sani. Wai Baba yana juya farin gefen dutse ya kalli hanya, yana kuma cusa 'yar tsakuwa a ƙarƙashi don kada ya yi rawa, amma tsibin da ya tarar, ɗaya dutsen a kife yake, ɗaya kuma jar ƙasar hanya ta manne a kan farinsa. Ya ce sannan ga sawun tayar keke mai kauri har gindin katanga, ga sawun ƙaramin takalmi, kuma 'ya mace ɗaya ce a ƙauyen nan take hawa tudun nan ita kaɗai ba ta sauka ta tura. Na tambaye shi me ya sa bai nuna musu ba. Ya ce yana tsaye a kan sawun lokacin da suke ta surutu, ya goge shi da ƙafarsa.

Na zauna a ƙasa na yi kuka. Ya ce in daina, kada awaki su ɗauka dillalin ne ya iso. Ya ciro busasshen ɓaure daga aljihunsa ya ba ni. Ya ce shi an yi shekara sittin ana masa dariya a gaban shagon nan, tun uban Abu Talal yana da rai, fatarsa ta yi kauri, amma sunan yarinya idan ya shiga bakin mutanen nan ba ya fita har ta yi jikoki. Ya ce shi ma yana da nasa laifin, ya ga ganye ya yi yawa ga gonar da aka ce an tsinke, ya kamata ya sunkuya ya ɗaga ko reshe ɗaya, gwiwarsa ce ta yi masa ƙyuya. Ya ce in koma gida in yi karatuna, in rufe bakina. Sai da na ɗaga keke zan tafi ya ƙara magana ɗaya, kamar ba da ni yake ba. Ya ce ranar Juma'a bayan sallama ya miƙa wa Alhaji Rafiƙ hannu, mutumin da suka yi kiwo tare suna yara, sai ya ba shi kan yatsu kawai ya juya. Ya taɓa maƙogwaronsa ya ce wannan ne kaɗai ya tsaya masa a nan, awaki kuwa ana saye ana sayarwa.

Da na iso gida na tarar da Mama tana fasa zaitun a bakin ƙofar kicin. Na faɗa mata a tsaye, ban ko cire jakar makaranta ba. Ta ajiye dutsen hannunta ta kira Baba. Baba bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya tambaye ni wace rana na sauke su, wace rana na mayar, da kuma ko na ga gonar kafin in mayar. Na ce na gani. Daga baya ya ce ga abin da za a yi. Zai kira ka ya roƙe ka ka yafe wa tsoho albarkacin mahaifinku, a bar masa shingen, magana ta mutu a nan, ba sai kowa ya ji sunana ba. Mama ta goyi bayansa. Ta ce ni 'ya mace ce, ga jarrabawar ƙarshe tana tafe, kuma idan dattawa suka ji cewa saboda kekuna aka taɓa fararen duwatsu, za su rufe hanyar har abada, su kuma ɗora wa Malama Hiyam laifin da ba ta san da shi ba. Duk abin da Mama ta faɗa gaskiya ne, na sani.

Amma, Baffa, sai na ga abin a idona. Na ga Abu Dirgham ya sa rigarsa mai kyau ya zo gidanmu, ya zauna a gefen kujera, ya yi wa Baba godiya saboda an yafe masa, ni kuma in shigo in ba shi kofi. Na faɗa wa Baba haka. Ban taɓa mayar masa da magana ba a rayuwata, amma na ce idan aka yafe masa, ya zama ke nan ya yi ƙaryar, sai dai an ji tausayinsa. Zai samu shinge, amma Alhaji Rafiƙ zai ci gaba da ba shi kan yatsu. Na ce zan rubuta maka. Kaka tana ɗakinta, ashe tana jin komai, ta ɗaga murya ta ce wa Baba, “Nazih, bar ta.” Baba ya miƙe ya ce gonar taka ce, hukuncin ma naka ne, shi ba zai hana ni ba kuma ba zai taya ni ba. Yau kwana biyar yana cin abinci ba ya kallon gefen da nake. Na fara wannan takarda sau huɗu ina yagawa.

Ga abin da nake roƙonka, kuma na san ban isa in roƙa ba. Kada ka yafe wa Abu Dirgham, domin ba shi da abin da za a yafe masa a wurinka. Ya ce duwatsun a ture suke, kuma a ture suke. A zauren mai unguwa ka yi magana, kowa yana ji, saboda haka ina roƙon ka sake kira can ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da duk suke taruwa, a ƙure muryar wayar kamar wancan karon. Ka ce musu rantsuwarsa gaskiya ce. Za su tambaye ka yadda ka sani daga Brazil, ka ce musu ni ce na sauke duwatsun, ni ce kuma na mayar da su bayan na ga ɓarnar. Ka faɗi sunana, domin idan ba ka faɗa ba za su ce rufa masa asiri kawai kake yi. Zan tsaya a bakin ƙofar zauren, idan suna son ji daga bakina zan shiga in faɗa, ko da muryata za ta yanke. Gobe zan sanar da Malama kafin ta ji a wurin wani. Idan sun rufe hanyar, ni na rufe ta, kuma zan faɗa wa sauran goma haka. Abu Dirgham zai ji haushina saboda ya ce in yi shiru, wannan ma na sani.

Game da inabinka, ba ni da abin da zan mayar maka. Bana ba maɗin da za a aiko, kuma Baba ya ce wasu itatuwan sai shekara biyu kafin su farfaɗo. Na roƙe shi ya koya mini yankan rassa idan lokacinsa ya zo, in yi aikin gonar tudu da hannuna. Bai amsa ba tukuna. Fushin da za ka yi da ni kuwa hakkinka ne, ba zan roƙe ka ka rage shi ba a wannan takarda.

Ka gaishe mini da Inna Widad, ka ce mata Mama ta ajiye mata tulun zaitun da ta fi so. Ka gaishe da Yaya Munzir da matarsa da jaririyarsu da har yanzu a hoto kawai muka san ta, da Jumana, da Tamim. Kaka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa zama a kujera a shagon nan kamar kowane mai hankali. Mama da Yaya Lubna suna gaishe ku duka. Baba bai ba ni saƙo ba, amma na san yana gaishe ka. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Yau Talata. Dillalin zai zo ranar Asabar da safe.

'Yarka mai kunyar haɗa ido da kai,
Mayyada Nazih